Ranar da Muka Goge Sunanka

Ba za su tafi ba. Kwamfutarka ta tashi, aiki ya dawo, kuma da kunnena na ji Kulu ta buga wa yayanta waya ta ce kada ya turo motar. Asma'u da Sadiƙu suna nan gidana. Yanzu haka suna tsakar gida suna faɗa a kan ragowar ƙosai.

Ka ga murna ta sa na tsallake sallama kamar wanda ba a yi wa tarbiyya ba. Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka, baban Asma'u. Bayan gaisuwa irin ta addini, ina fatan kana cikin sauƙi da yalwa a makwancinka. Na san takarda ba ta zuwa inda kake. Amma ko da kana raye ba zan iya zaunar da kai in faɗa maka waɗannan maganganu ba, don haka babu abin da ya canza tsakaninmu sai nisa.

Da yatsa ɗaya nake buga wannan, a kan kwamfutar taka. Matarka Kulu ta ce za ta sa ta inda jama'a ke karantawa, saboda haka ka yi haƙuri in na maimaita abin da ka riga ka sani.

Ka san yadda 'yan bindiga suka sa muka baro ƙauyenmu na wajen Zurmi, da abin da muka iya ɗauka a ka, muka bar rumbuna cike. Ka san ɗakuna biyun da ka kama mana a nan Kaura, da yadda mahaifiyarka ba ta daɗe a cikinsu ba Allah Ya karɓi abinSa. Kai ka riƙe gidan da wannan kwamfuta da ka saya ta hannu lokacin kana kwaleji. Ɗalibai su kawo rubutun hannu, ka buga musu, firinta ta fitar, a ɗora tukunya. Har ka koya wa Kulu, kana yi mata tsiya wai tana buga haruffa kamar mai tsince tsakuwa a cikin shinkafa.

Sai damina ta matso ka ce za ka je ka duba ko gonar za ta shuku. Na aika maka ta bakin matarka cewa kada ka tafi. Ka ji saƙon, ka hau babur. Har yau ina jin haushinka a kan wannan, kuma ban ga ranar da zan daina ba. Gona tana nan inda take, ciyawa ta cinye ta, kai kuma aka tare ka a hanya, a bayan motar itace aka kawo min gawarka.

Ranar sadakar uku zaure bai ɗauki mutane ba. Kowa ya riƙe hannuna ya ce, "Baba, marayun nan namu ne gaba ɗaya." Abokanka na kwaleji sun faɗa. Ƙanenka Lawali ya faɗa ta waya daga Legas, yana kuka. Har yanzu yakan aiko da muryarsa kowace Juma'a yana yi mana barka, kuma muryar tana da daɗi, sai dai ba a dama kunu da ita. Wadda ba ta yi min alkawarin komai ba ita ce Kulu. Tana fita takaba ta goge ƙurar kwamfutar da gefen zaninta, ta zauna inda kake zama. Da wannan muka ci, da shi yara suka koma makaranta.

Daga baya kwamfutar ta fara ciwo. A kunna ta, sai ta yi ta nishi kamar jakin da aka yi wa lodi fiye da ƙima. Wani rubutu ya fito a kusurwa ya ƙi tafiya, wai manhajar da ke tafiyar da ita ba ta da izinin masu ita. Ɗalibai kuma kowa ya zo da filashinsa, ɗan abin nan da suke ajiye aiki a ciki, ya soka mata, ya bar mata cutar da suke kira bairos. Wata rana aikin wata yarinya na kammala karatu ya ɓace ɗungurungum, saura kaɗan ta miƙa shi. Ta tsaya a ƙofar gidan nan ta faɗa wa Kulu maganar da ba zan rubuta ba. Labari ya zaga kwaleji, ƙafa ta ɗauke.

Na rungume ta a cikin tsumma na kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa. Bai ko tashi daga kujera ba. Ya ce, "Tsoho, wannan ai sa'arka ce. Sabuwar manhajar kamfanin ba ta hawa irinta, tsohuwar kuma sun daina kula da ita. Ka kai wa 'yan gwangwan, ko a ba ka na goro." Yaransa suka yi dariya. Na naɗe ta na dawo, ina tunanin yadda wasu mutane a wata ƙasa da ba su taɓa ganin fuskarmu ba za su zauna su yanke cewa abin da ke ciyar da gidana ya tsufa.

Ana cikin haka Malam Nura, yayan Kulu, ya zo daga Shinkafi. Ka san gidansu, gidan malamai ne da ma'aikata, ba sa ɗaga murya. Ya tsuguna har ƙasa da farar shaddarsa ya ce, "Baba, wallahi ba raini ba ne. Can gida akwai ɗaki, akwai karatu a zaure, akwai boko a bayan gida. In Sallar layya ta wuce zan turo mota ta ɗauki Kulu da yaran. In an yi hutu sai a riƙa kawo maka su kana gani." A riƙa kawo min su ina gani, kamar shanun da aka ba wani kiwo. Kuma a kan wace hanya? Shi da kansa sai da ya jira ayarin motoci kafin ya biyo ta.

Da ya zage ni da na sami abin riƙewa. Amma gaskiya ya faɗa, cikin ladabi, kuma wannan ya fi zafi. Al'ada ta ce ɗiyan ɗana nawa ne. Al'adar ba ta auno min gero ba, ba ta kuma ba ni macen da za ta yi wa Asma'u kitso in uwarta ta tafi.

Kulu ce ta zo da maganar yadda za a ceto kwamfutar. Wata malama a kwalejin, wadda takan kawo mata aiki, ta gaya mata cewa jikin kwamfutar lafiyarsa lau, abin da ke cikin kanta ne ya lalace, kuma akwai wata manhajar da ake kira Linuks wadda ba ta ƙyamar tsofaffin injuna, cutar filashin ɗalibai kuma ba ta cika kama ta ba. Ta ce kyauta ce. Nan na ja tsaki. Tun da muka zama 'yan gudun hijira na san kyauta. Kyauta ita ce a tara ku cikin rana tun hantsi, a ɗora maka ƙaramin buhu a ka, a ce ka tsaya haka kada ka motsa, ka yi murmushi. Na ce da ita, "To su mi za su samu? Ina za mu tsaya su ɗauki hoton?"

Ta ce babu hoto. Ta ce mutane ne a ƙasashe daban-daban, wasu aikinsu ke nan, wasu don bukatar kansu suka gyara wani wuri suka bar wa kowa, kuma a buɗe take, duk wanda ya iya yana da damar ya duba cikinta, ya gyara, ya ba maƙwabcinsa, babu wanda zai kira shi ɓarawo. Nan na gane abin. Gayya ce. Haka muke yi a ƙauye in gonar wani ta fi ƙarfinsa, kowa ya fito da fartanyarsa, kafin azahar an gama, babu wanda zai tsaya ya nuna kunyar da shi ya nome. Ta nuna min alamarta a waya, wani tsuntsu mai farin ciki da baƙin baya, zaune ya baje ƙafafu. Asma'u ta leƙo ta ce, "Wallahi tsoho ne in ya ƙoshi da tuwo."

Sai Kulu ta ce abu ɗaya ne: kwamfutar ba ta da wurin ɗaukar biyu, sai an share duk abin da ke ciki kafin a zuba sabuwar. Hotuna da ayyuka za a kwashe a ajiye a mayar. Sauran kuwa zai tafi.

Na ce ban yarda ba. Na ce dukiyar marayu ce, ba a yi mata gwaji. Ta sake tambaya bayan mako, na sake faɗin haka. Ta je har bakin kwaleji inda waya ke kamawa da kyau, ta zauna a rana ta sauko da manhajar cikin filashi, ta dawo ta nuna min cewa ana iya gwada ta ba tare da an taɓa komai ba. Na ga yadda injin ya sake kamar an kwance masa dabaibayi. Duk da haka na ce dukiyar marayu ce. Sallah kuma tana ta matsowa, raguna sun fara cika kasuwa.

Yanzu bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba.

Kai ne ɗan farina. Tun ranar da aka raɗa maka suna bakina bai taɓa furta shi ba. Ban ɗauke ka a gaban mutane ba, ban kira ka ba sai dai in ce "kai" ko "ina yaron nan". Haka ubana ya yi wa yayana, haka na tarar, kuma ba na zargin kowa. Ko ajin yaƙi da jahilci da ka kai sunana, ina da furfura, ba kai ka gaya min ba, mahaifiyarka ka turo. A ajin nan, da muka fara haɗa baƙi, malamin ya ce kowa ya fito ya rubuta sunayen 'ya'yansa a allo. Na fito na fara daga Saratu, ƙanwarka. Ya ce, "Malam Garba, ina na farkon?" Wani mai kayan miya da ke zaune a baya ya ce, "Malam, ƙyale shi, allin ne ke jin kunya." Aka yi dariya aka wuce.

To in an kunna kwamfutarka, kafin ta buɗe, sunanka ne ke fitowa a tsakiyar gilashin, da fararen haruffa, cikakke, har da nawa a bayansa. Kai ka buga shi da yatsunka ranar da ka sayo ta. Da ta fara ciwon nan, sai sunan ya riƙa daɗewa a wurin, yadda mutum zai iya shanye kofin kunu mai zafi bai gushe ba. Kulu tana tsaki, ɗalibi yana duba agogo, ni kuwa ina kan buzuna a bakin ƙofa da carbi a hannu, ina karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, in sake komawa farko. Babu wanda zai ce na yi rashin kunya, ai ido ne kawai. A duk garin nan ni kaɗai ne nawar injin nan ta yi wa daɗi.

Ashe ta gani. Wata safiya ta kawo min kunu, ta durƙusa, ta juya min gefenta yadda ta saba, ta ce, "Baba, na lura da inda kake shimfiɗa buzu." Na ci gaba da jan carbina. Ta ce, "Da zai ji cewa ɗiyansa za su bar gidan ubansa saboda haruffa, da da hannunsa zai goge su."

Suruka ba ta yi wa uban miji magana haka. Na tashi na bar mata kununta, na tafi kasuwar hatsi na wuni a rumfar masu awo, ina kallon geron wasu. Da na dawo da la'asar na tarar an wanke kayan yara an shanya, har da waɗanda ba sa sawa sai da Sallah, ga babbar jaka a jingine a bango. Asma'u ta tare ni a zaure ta riƙe min sanda ta ce, "Tsoho, in na tafi Shinkafi wa zai aure ka? Babu mai son mai haƙori uku fa. Ni ma haƙuri nake yi." Na ce mata ni na sake ta tun tuni, ta je ta nemi mai shadda. Tana dariya ta shige. Ni na tsaya a zauren har sai da na tabbata fuskata ta koma daidai, sannan na shiga na ce da Kulu, "Gobe a yi."

Da hantsi ta kwashe hotuna da ayyuka cikin wani abin ajiya da malamar ta ara mata. Da ta gama sai ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa, ta ce bari ta duba tukunya, ta ja yaran ta fita. Ba a ko hura wuta ba a gidan. Aka bar ni da kai. Na matso kusa yadda ban taɓa matsowa ba. Na ce yau dai bari in faɗe shi da baki, ko sau ɗaya, tunda babu kowa. Na buɗe baki, harshen ya ƙi. Abin da aka ɗaure tun ina saurayi ba ya kwancewa don an rufe ƙofa. Ko a wannan takarda ka ga ban rubuta shi ba, kuma kada ka jira shi a ƙasa.

Ta dawo ta soka filashin. Injin ya yi ta tambayoyi tana amsawa, wane harshe, wane gari, har aka zo inda injin ya ce in an danna nan komai zai tafi. Ta janye hannunta ta ce, "Baba, dukiyar marayu ce. Kai ne waliyyinsu." Na dube ta, kanta a ƙasa, ban san ko ladabi ne ko ramuwa ba. Na yi bisimilla na danna.

Can sai ya tambayi sunan mai shi. Ta ce, a hankali, "Ana iya mayar da nashi." Na so in ce to. Amma wancan kai ka buga shi. Wannan kuwa mu ne za mu buga, mu sa injin ya riƙa yi wa mutum maraba kullum safiya alhali mun san ba zai zo ba. Na ce, "Sa naki. Ke ke ciyar da gidan." Sai ta rubuta sunanta na yanka, Hauwa'u.

Ba zan yi maka ƙarya in ce komai ya tafi sumul ba. Firinta ta yi gardama har bayan azahar, sai da aka kira malamar a waya tana faɗa Kulu tana dannawa. Ɗalibin farko da ya gwada mu ya tafi da fushi, wai shafukansa sun goce daga yadda ya jera su, sai da ta koyi yadda ake ɗaure aiki kada ya motsa. Amma sai ga wani ya zo da filashin da ya ce ya mutu, duk aikinsa ya ɓace. Ta soka, injin bai ko yi tari ba, ga ayyukan nan a jere inda cutar ta ɓoye su. Yaron ya rasa bakin godiya. Shi ya kai labari kwaleji, kuma yadda ƙafa ta ɗauke haka ta dawo. Jiya har a kan buzuna wasu suka zauna jiran layi.

Shi ne yau da safe ta buga wa Malam Nura. Na ji ta ce, "Yaya, a bar motar. Ina da aikin da ba zan iya tafiya in bari ba." Ya yi magana mai tsawo ban ji ba. Ta ce, "To ka zo ka gani da idonka." Da ta ajiye wayar ta kwance jakar nan ta mayar da kayan yara cikin akwati.

Ina murna, baban Asma'u, murnar da ban yi irinta ba tun da muka baro gida. Amma tana da ɗaci a ƙasanta. Mutanen da ba su san akwai wani gari wai shi Kaura ba, waɗanda ban san addininsu ba balle sunayensu, su suka fito gayya a gonar marayunka. Waɗanda suka ci tuwon sunanka, suka ci na aurenka, suka ci na sadakarka, ko fartanya ba su ɗaga ba. Kuma injin yanzu yana da sauri ƙwarai. Kafin in gyara zama ya buɗe. Har yanzu a wurin nake shimfiɗa buzun, ƙafa ta saba, sai dai babu abin karantawa.

Na kuma san ba har abada ba ne. Kulu yarinya ce, wata rana wani mutumin kirki zai yi sallama a zauren nan, kuma ni zan fara sa albarka, domin ta yi min abin da 'ya'yan cikina ba su yi ba. Amma ba bana ba. Bana Sadiƙu zai koyi alwala a butata. Yana da irin tafiyarka, yana jefa ƙafar hagu waje, kuma shi ina ɗaukarsa a gaban kowa, in kira sunansa da ƙarfi har maƙwabta su ji.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya haɗa ka da mahaifiyarka a inuwa ɗaya. Allah Ya raya abin da ka bari, Ya saka wa Kulu da abin da ba ni da shi da zan ba ta. Waɗanda suka yi wannan manhaja suka bar ta a buɗe, Allah Ya san su ko ni ban sani ba, Ya yi musu sakayya. Waɗanda suka tare ka a hanya kuwa na bar su da Shi, ba ni da addu'ar da zan yi musu. Amin.

Ni ne tsohon da bai taɓa kiran ka ba,
Garba, Kaura Namoda.

Ku kuma da kuke karantawa ta bayan kafaɗata, ku zo ku gani. Malam Nura, ka zo, akwai tabarma mai tsabta saboda shaddarka. Mai gyaran bakin kasuwa, ka zo ka ga sa'ata tana aiki. Lawali, in Legas ta ba ka izini. Masu cewa marayun nan naku ne, ku zo ku ga yadda suka yi tsawo, ba sai kun riƙo komai ba. Wanda ke da tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin gado ya ɗauko ta, filashin yana nan, ba a hana kowa. Gidan ba shi da wuyar ganewa. In kun shigo lungun za ku ji hayaniyar yara tun kafin ku kai zaure. Ku bi ta, nan ne.